Hasken neon a hoton kwalliya

Ƙanwata, kin ce hoton kwalliyar da kika ɗauka da fitilun neon ya fito da zane-zane, fuskar kuma ta rine. Zanen daga lantarki ne: namu 50Hz ne, wato yana kai da komowa sau hamsin a daƙiƙa, sai ki sa shota (saurin buɗewa da rufewar kyamara) a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. In janareta kike amfani da shi, gara fitila mai batir. Rinewar kuwa, kashe duk farin ƙwan ɗakin. Ki sa hasken neon ruwan hoda a dama, shuɗi a hagu ta baya, ya zana gefen kumatu da ɗankwali. Amma a gaba ki sa farin haske kaɗan, mai laushi, don kalar fata ta tsira. Zafin Kano na sa maiƙo. Ki riƙa shafa hoda a goshi da hanci.