Za mu zaga karkara a kan babura a ƙarshen kaka, wane shiri ya kamata mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne, abokai, kowa da babur ɗinsa. Mun sa ranar fita yawon shan iska ta tsakanin gonaki, yanzu da kaka ta zo ƙarshe, ganye ya zube, kafin sanyi ya kankama. Ba gudu za mu yi ba, kallo ne kawai da hira idan an tsaya. Ɗaya daga cikinmu bai daɗe da koyon tuƙi ba, kuma babur ɗinsa ne ƙarami a cikin namu. Wasu na cewa tunda a hankali za a tafi, kuma hanyar ba motoci, ba sai an yi wani shiri ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kun iya zaɓen lokaci. An kwashe amfanin gona, fili ya buɗe, ido na kaiwa nesa, ga shi babu zafin da ke dafa mutum cikin hular kwano. Sai dai masu cewa ba sai an yi shiri ba sun duba abu ɗaya sun bar wani. Rashin motoci ba ya nufin hanyar ba ta da masu ita. A wannan lokaci hanyar karkara wurin aikin manomi ce, ku baƙi ne a kanta, kuma yawancin abin da ke kada mai babur a can ba sai yana gudu ba.

Bari mu fara da tarakta, don ita ce mutanen gari suka fi rainawa. Tarakta mai jan kaya galibi tana tafiyar kilomita 25 zuwa 40 ne a awa. A ce kana kan 80, ita tana kan 25, ka fito daga kwana ka hango ta mita 100 a gabanka. Tazarar nan za ta ƙare cikin ƙasa da daƙiƙa 7. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda birki zai iya gyara shi. Mai wuyar shi ne lokacin da ka yanke shawarar shan gabanta. Direban mota yakan juya ne a mararraba, inda kowa ke tsammani. Mai tarakta kuwa yana juyawa ne a bakin gona, wani ɗan gurbi cikin shinge da kai ba ka ma lura da shi ba. Kuma idan yana jan doguwar tirela, sau da yawa sai ya fara ratsewa zuwa ɗaya gefen kafin ya karyo kan. Kai da ke baya sai ka ɗauka hanya ya ba ka, ka murɗa totur, shi kuma ya yanko ta gabanka. Ga sigina ta sha laka ba a ganinta, ga ƙarar inji ta hana shi jin ka, ga kaya sun tare masa madubi. Saboda haka duk lokacin da tarakta ta rage gudu ba ka ga dalili ba, ka ɗauka juyawa za ta yi. Ka duba ko akwai mashigar gona a kusa, ka jira ku haɗa ido da direban ko ya yi maka alama da hannu. Sannan kowa ya wuce a kan ganin idonsa. Don na gabanka ya wuce lafiya ba ya nufin kai ma akwai wurin da zai ishe ka.

Inda tarakta ta fito daga gona kuma takan bar shaida: laka shafe a kan kwalta, wani lokaci mita da yawa, da sawun taya a ciki. Idan ta jiƙe, santsinta ba ya da magani. Haka hatsin da ya zube daga tirela, da tsakuwar da ruwa ya kwaso ya tara a kwana, da ganyen da ya jiƙe ya manne da titi. Dabarar duka iri ɗaya ce. Ka rage gudu tun kana kan busasshen titi, kafin tayarka ta hau. Da ka hau, ka saki birki, ka bar babur a miƙe ba tare da ka kwantar da shi ba, totur daidai, ba ƙari ba ragi. Idonka ya tsallake lakar ya sauka inda kake son fita, domin babur na bin ido ne: wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa. Birkin gaba shi ne ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawar babur, kuma a kan laka shi ne ke kai mutum ƙasa idan aka damƙe shi a firgice. Wanda babur ɗinsa ke da ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an matse birki, ya sami sauƙi a miƙaƙƙiyar hanya, amma kada ya ɗauka zai cece shi idan ya shiga kwana mai laka a kwance.

A yankunan da sanyi ke kaiwa ga daskarewa, ku yi hattara da wuri biyu da safe: kan gada, da inda inuwar itatuwa ta rufe titi. Gada na riga sauran titi yin ƙanƙara saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa. Inuwa kuma na riƙe raɓa har bayan ko'ina ya bushe.

Yanzu sabon direban naku, wanda ina ganin shi ne ainihin tambayar. Abin da aka saba yi shi ne a bar shi a baya, wai don kada ya tare wa kowa hanya. Wannan shi ne wuri mafi muni da za a ajiye shi. Ka lura da yadda ayari ke fita daga kwana: madugu ya fita ya ƙara mai, na biyu ya ɗan makara kafin ya bi, na uku ya ƙara makara. Kafin abin ya kai kan na shida tazara ta yi tsawo, dole ya fi madugu gudu don ya cim musu. Ke nan wanda ya fi kowa rashin ƙwarewa shi ne ke gudun da ya fi na kowa, kuma hankalinsa na kan kada a bar shi, ba kan titi ba. Ba zai ce a jira shi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ku sa shi na biyu, a bayan madugu kai tsaye, madugu na ganinsa a madubi yana auna tafiyar da shi. Wanda ya fi kowa natsuwa da iya gyara kuma ya riƙe baya, da kayan faci da ɗan akwatin taimakon gaggawa.

Cibiyar Motorcycle Safety Foundation ta Amurka, wadda ke koyar da tuƙin babur tun 1973, tana ba da shawarar ayari ya tsaya a mutum biyar zuwa bakwai, don haka adadinku ya yi daidai. Tsarin da take koyarwa a miƙaƙƙen titi mai kyau shi ne a saɓa: madugu a ɓangaren layi da ke kusa da tsakiyar titi, na biyu a ɗaya ɓangaren da tazarar daƙiƙa 1, na uku a sawun madugu da tazarar daƙiƙa 2. Amma a kwana, ko ƙuntatacciyar hanya, ko inda titi ya lalace, sai a koma ɗaya bayan ɗaya. A ganina, hanyar gona a ƙarshen kaka kusan dukkanta haka take, don haka ku ɗauki jeri ɗaya a matsayin asali, ku buɗe tazara zuwa daƙiƙa 3 ko 4. A gudun kilomita 60, daƙiƙa 2 mita 33 ce kawai, kuma ku kallo kuka fito, rabin hankalinku na kan gonaki. Doka guda ta wadatar wajen hana ɓata: a kowace mararraba, kada ka juya sai ka tabbata na bayanka ya ga inda ka bi. Idan kowa ya san za a jira shi, babu mai gudun kamo wani.

Sanyi kuma kada ku auna shi da yadda kuke ji a tsaye a ƙofar gida. Idan ma'auni na nuna digiri 10, a gudun kilomita 80 jiki na jin kamar digiri 4 ne ko 5. Idan digiri 5 ne, abin da ake ji ya faɗi ƙasa da sifili. Yatsu ne ke fara sandarewa, su ne kuma ke riƙe da birki da kuloci. Daga nan sai tunani ya yi nauyi, mutum bai sani ba. Riguna marasa kauri biyu ko uku, da ta sama mai tare iska, sun fi ƙatuwar riga guda, domin da rana ta ɗaga za ka iya cire ɗaya. A rufe wuya, a sa safar hannu ta ƙwarai. Ku riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya, ko da ba wanda ya nema. Wanda kuka ga yana karkarwa, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ba ya komawa kan babur sai ya ji ɗumi.

Taya ma na jin sanyi. Iskarta na raguwa da kusan psi 1 (psi ma'aunin iskar taya ne) duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 5 zuwa 6, don haka wadda aka auna tun lokacin zafi ta riga ta yi ƙasa. A auna da safe kafin a hau, a bi adadin da kamfanin ya rubuta. Mintunan farko a tafi a sannu har robar ta ɗauki ɗumi. Sarƙa, fitilu, birki da mai, wannan kowa ya sani. Hular kwano kuwa ba ta shiga muhawara: bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kusan kashi 69, kuma sai an ɗaure igiyarta take aiki.

Abin da ya fi ɓata irin wannan yawo shi ne lissafin lokaci. Hira ta yi daɗi a wurin tsayawa, a duba agogo a ga rana ta yi. Nesa da tsakiyar duniya yini na gajarta ƙwarai a wannan lokaci. A Landan, misali, rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma a ƙarshen Nuwamba. Tun kafin ta faɗi ma takan sauko ta tsaya daidai ido, ta makantar da ku da direban da kuke tsammanin ya gan ku. Idan ka ga inuwarka ta miƙe doguwa a gabanka, to mai tahowa yana kallon rana ne, wataƙila bai gan ka ba sam. Idan da hali, ku fita ta yamma da safe ku dawo ta gabas da la'asar, rana na bayanku zuwa da dawowa. Wanda gilashin hularsa baƙi ne ya taho da fari.

Da almuru ne kuma dabbobi ke fitowa. A ƙasashen sanyi na arewacin duniya, Oktoba zuwa Disamba lokacin barbarar yawancin dangin barewa ne, suna ketare titi ba ji ba gani, kuma in ka ga ɗaya ta wuce, ka sa ran wata na biye. Garken shanu ko tumaki, a tsaya a bar makiyayi ya gama ketarar da su, ba hon ba murɗa totur. Mai doki a wuce shi da faɗi, inji a kwance.

Nisan tafiyar ku yanke shi da tankin ƙaramin babur ɗin nan, ba da naku ba, don gidan mai a karkara na iya yin nisa, wani kuma a tarar ya rufe da wuri. Kowa ya cika tanki kafin a haɗu. Taswirar hanyar a sauke ta a waya tun a gida saboda inda sabis zai ɗauke, a kuma gaya wa wani da ba ya cikin tafiyar hanyar da za ku bi da lokacin da za ku dawo. Ku sa lokacin ya zama awa ɗaya kafin faɗuwar rana, domin faci guda ya isa ya cinye awar.