Jiragen 'yan kasuwa da suka yi wa Amurka yaƙi: fashi ne ko aikin soja?

Tambaya: Malam, na ji an ce lokacin yaƙe-yaƙenta da Ingila, Amurka ta ba masu jiragen ruwa izinin kama jiragen abokan gaba su sayar. Me ya raba su da 'yan fashin teku?

Amsa: Abu biyu ne, takardar izini da kotu. Mai jirgi yana karɓar takarda daga gwamnati bayan ya ajiye kuɗin jingina cewa zai bi ƙa'idar yaƙi. Jirgin da ya kama kuwa bai zama nasa ba tukuna. Sai ya kai shi tasha, alƙali ya tabbatar na abokan gaba ne, sannan a yi gwanjonsa da kayan da ke ciki, masu jirgi da ma'aikata su raba. Wanda aka kama da takardar nan fursunan yaƙi ne. Wanda ba shi da ita, igiyar rataya ce ke jiransa.

Rashin ƙarfi ne ya kai Amurka ga wannan. Majalisarta ta amince da shi a Maris 1776, daga baya tsarin mulki ya ba majalisa ikon bayar da takardar. Da yaƙin 1812 ya ɓarke, jiragen yaƙin Amurka ba su kai 20 ba, Ingila na da sama da 500. Aka ba jiragen 'yan kasuwa kusan 500 izini, da yawansu daga birnin Baltimore mai tashar jiragen ruwa.

A ganina, kuskure ne a auna su da gwabzawa. Ba don karo da jiragen yaƙi aka ƙera su ba, gudu gare su, kuma riba suka fito nema. Aljihun fataken Ingila suka taɓa: kuɗin inshora ya hau, 'yan kasuwa suka dami gwamnatinsu da koke. A 1814 Kyaftin Thomas Boyle, da jirginsa guda ɗaya mai suna Chasseur, ya aika sanarwa zuwa Landan cewa ya killace gaɓar Birtaniya baki ɗaya.

Manyan ƙasashen Turai sun haramta wannan a Yarjejeniyar Faris ta 1856, Amurka ta ƙi sa hannu. Shekara biyar bayan haka abin ya juyo kanta, domin a yaƙin basasar Amurka 'yan tawayen Kudu sun ba jirage irin wannan izini. Ma'aikatan wani jirgin 'yan tawayen mai suna Savannah da aka kama a 1861 an gurfanar da su a New York da laifin fashin teku, masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa daidaitawa, daga baya aka mai da su fursunonin yaƙi.