Gasarmu ta Futsal Tana Bunƙasa, Amma Raunin Kai Ya Tsorata Ni

Tambaya: Malam, bara muka buɗe gasar futsal (ƙwallon ƙafa ta 'yan wasa biyar-biyar a ƙaramin fili) da ƙungiyoyi 6, bana wasu 4 na neman shiga. Sai dai a wasanmu na makon jiya wani ɗan wasa ya gwara kansa da bango, aka kwara masa ruwa ya koma fili. Da dare ya yi ta amai. Hankalina ya ƙi kwanciya. Mu faɗaɗa ko mu dakata?

Amsa: Ɗan'uwa, in har yanzu likita bai ga yaron nan ba, a kai shi yau.

Batun faɗaɗawa mai sauƙi ne. Ku karɓi ƙungiyar da za ta iya kai ƙarshen kaka, kada kuɗin rajista ya ruɗe ku. Gasar MISL ta Amurka ma, ta ƙwallon ƙafa a rufaffen fili, da ƙungiyoyi 6 ta fara a 1978, ta yi tashe, matsalar kuɗi ta rusa ta a 1992.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da nake ji kullum a bakin fili: "Ai bai suma ba." Wallahi na gaji da ita. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma. Yaro zai miƙe yana layi, idonsa ya yi zuru, ka tambaye shi ci nawa ne ya kasa faɗa, sai wani mai jakar magani da bai taɓa zama ajin koyon aikin ba ya fesa masa maganin sanyi a wuya, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya warke. Feshi ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa. In ya sake buguwa kafin ta farko ta warke, ana iya rasa rai. A gangamin da FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar a 2024, sun bayyana cewa alamun girgizar ƙwaƙwalwa na iya ɗaukar awa 72 kafin su fito.

Kuma a futsal wane uzuri koci yake da shi? Canji ba shi da iyaka. Fili mita 40 ne da 20, daɓe mai tauri, bango a kusa, ga benci cike da masu jiran shiga.

Kafin ku ƙara ko ƙungiya ɗaya, ku lulluɓe bango da ginshiƙai da katifa, ku samo ƙwararren ma'aikacin lafiya a kowane wasa. Ku rubuta a dokar gasa cewa wanda ake zargin ya bugu a kai ya gama wasa ranar, ba zai dawo ba sai da takardar likita. Ƙungiyar da ta saɓa, a zaftare mata maki.