Amsar tambayar Yaya kan yawon Roma

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonki. Kin ce bayan taronku a Roma za ki samu ɗan lokaci, kina son shiga gidajen tarihi da coci-coci, kuma kina tsoron ko hijabi zai kawo matsala. To, ki kwantar da hankalinki. Sharaɗinsu a bakin coci shi ne a rufe kafaɗa da gwiwa, ke kuwa kin riga kin cika shi. Maigida ne dai zai cire hula idan zai shiga, haka ake yi wa maza.

Ki fara da gidan tarihin Fatikan, amma don Allah ki sayi tikiti ta intanet tun kina gida. Layin da ke jikin katangar nan sai ya cinye miki safiya. Ranar Lahadi a rufe yake, sai Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ita kuwa cunkoson ba a magana. Ciki ɗaki ne bayan ɗaki, kar ki ƙarar da ƙarfinki tun farko, domin ɗakin Sistina yana can ƙarshe, wanda Michelangelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512. A ɗakin Sistina ba a ɗaukar hoto, masu gadi kuma sai faɗi suke a yi shiru. Ki sani akwai zane da gumakan mutane babu sutura, musamman in da yara za ku.

Cocin San Pietro, babban cocin Fatikan, shiga kyauta ne, layin binciken jaka kawai za ki bi.

Ni dai wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Pantheon, wani tsohon ginin Romawa mai ƙubba. Tun zamanin Sarki Hadrian aka gina shi, shekara kusan 1900 ke nan, ƙubbar tana nan daram. A tsakiyarta akwai buɗaɗɗen rami, faɗinsa kusan mita 9. In ana ruwa, ciki yake zubowa, ki duba ƙasa za ki ga 'yan ƙananan huji da ke shanye shi. Tun 2023 ake biyan kuɗin shiga. Coci ne har yau, in kin tarar suna ibada ki dakata su gama, ki rage murya.

Juma'a kuwa akwai babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995, yana arewacin gari, ki ba shi lokaci don da ɗan nisa. A jirgin ƙasa ki rungume jakarki ta gaba, 'yan sane ba sa wasa. Ki turo min ranakun, in tsara miki wanne kafin wanne.