Kafin ki sallami yarinyar, gwada sikelinki

Tambaya: Ina ƙulla kanumfari, masoro da citta a leda ina kai wa shaguna. Da ƙaramin sikeli mai batir nake awo, irin na kicin mai ɗaukar kilo 5. Ƙullin giram 20 nake yi, amma kilo ɗaya bai taɓa ba ni ƙulli 50 ba, a 45 yake tsayawa. Ina zargin 'yar yayata da ke taya ni awo. In sallame ta? Ina kuma son cin bashi in sayi injin liƙe leda. Daga wata mai sana'a, Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Hajiya, ajiye maganar bashi tukuna. Wadda kashi goma cikin ɗari na kayanta ke ɓacewa ba ta san inda yake bi ba, in ta faɗaɗa, asarar ta faɗaɗa. Kuskurenki ɗaya ne: kin ɗauki lambar da sikeli ya nuna kamar hukuncin alƙali, ba ki taɓa gwada shi ba, sai ga shi kina neman ɓata zumunci a kan na'urar 'yan dubbai.

An ƙera sikelin kilo 5 ne don fulawa da sukari. Giram ɗaya-ɗaya yake ƙirgawa, kuma kuskuren giram ɗaya ko biyu ba baƙon abu ba ne a gare shi. A kan kilo biyu na fulawa wannan ba komai ba ne. A kan ƙullin giram 20 kuwa, giram biyu kashi goma ne cikin ɗari. Yi lissafi: 1,000 a raba da 22, ƙulli 45 ne. Kin ga ɓarawonki.

Akwai kuma wani halin da yawancin masu arahar nan ke da shi. Idan kin danna TARE, maɓallin da ke mayar da lamba sifili, kika riƙa barbaɗa kaya kaɗan-kaɗan, sikelin yana ɗaukar ƙaramin canjin a matsayin kuskure, ya share shi, ya tsaya a sifili. Kayan na ƙaruwa, lamba ba ta motsi. Saboda haka a zuba kusan duka awon lokaci guda, sannan a ɗaga kwanon a sake ɗorawa a ga gaskiyar nauyin.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Sayi sirinjin mililita 20 a kemis. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Ɗora kofi, danna TARE, tsiyaya ruwan gaba ɗaya. Ya kamata ki ga 20. Maimaita sau biyar, ki rubuta. In yana ba ki 18, 19, 21, ba ya tsayawa wuri guda, bai dace da ƙananan ƙulli ba. Sai ki matsar da kofin tsakiya da kusurwoyi huɗu. In lambar na canzawa sosai, mai yiwuwa ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe, galibi saboda an taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan ba ya gyaruwa.

Kada ki yi gwaji da ledar fiya wata, ba kowace ce ke cika rabin lita ba. Ki kuma kula da batir, in ya yi sanyi lamba kan yi yawo. A ɗora sikelin a kan tebur ko shafaffen siminti, ba tabarma ko katifa ba, a kashe fanka. Duba ko G, wato giram, ne a allon, domin OZ wani ma'auni ne daban, ɗayansa ya haura giram 28.

Abin saye shi ne ƙaramin sikelin aljihu mai ɗaukar giram 500, mai ƙirga giram 0.1, tare da ƙarfen gwaji na nauyin da takardarsa ta ce a saita shi da shi. In ƙarfen bai samu ba, kai ƙaramin ƙarfe wurin masu sayar da gwal su auna miki, ki rubuta nauyin, ki riƙa ɗora shi kowace safiya kafin awo.

Ki tuna sikelin da ke cin ki yau yana iya juyawa ya tauye wa mai saye, kuma kin san gargaɗin Suratul Muɗaffifin a kan haka.

Sannan buɗe littafi. Auna kilon da kika sayo kashi-kashi tun kafin a tsince, domin wani dillalin giram 950 yake ba ki. Rubuta nauyin tsakuwa da ƙaiƙayin da aka fitar, da adadin ƙullin da ya fita. Yi haka mako biyu da sabon sikeli. In har lissafi bai haɗu ba bayan nan, sai ki zauna da yarinyar.