Amsa kan shawul ɗin da yake tsukewa ta sama

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. To ƙanwata, na ga hoton shawul ɗin jariri da kika turo, kina tambaya ko zaren ne ba shi da kyau shi ya sa ƙasa ta yi faɗi sama ta tsuke. Zaren lafiya lau yake. Ƙirga ne ya kuɓuce miki, saƙa ɗaya kike zubarwa a ƙarshen kowane layi.

Doguwar saƙa kike yi ai, wadda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka. Idan kin kai ƙarshe za ki juya, sarƙa 3 kike yi ko? To wannan sarƙar ita ce saƙarki ta farko a sabon layi. Ramin da yake gindinta ki tsallake shi, ki soka a na biyu. In kin zo ƙarshen layin kuma, saƙar ƙarshe a kan sarƙa ta uku ta layin ƙasa za ki soka ta. Nan ne ake ɓata, don wurin ƙarami ne, ya kwanta a gefe, ba a lura da shi. Layi 20, kin rasa saƙa 20, ba dole ya tsuke ba? Ki riƙa maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a kan sarƙar duk sanda kika juya. Kuma ki ƙirga, in da 100 kika fara, kowane layi ya ba ki 100.

Wanda kika riga kika yi kam sai warwara, har inda gefen ya fara shigewa. Kar wata ta ce miki guga zai miƙar da shi. Wannan ulun roba ne, da dutsen guga ya taɓa shi zai narke ya yi sheƙi ya saki jiki, ba ya dawowa.

Kwarashi ki riƙe lamba 4. A'a tsaya, zaren da nake gani siriri ne, 3 ko 3.5 ya fi. Sarƙar tushe kaɗai ki yi da 4 ɗin, don kar ta ɗaure gindin.

Sai maganar da nake ta nanatawa a gidan nan ba a ji. Ku daina sayen zare ƙwallo biyu yau, biyu wani satin! Shawul mai faɗi da tsawo kamar santimita 80 zai ci giram 400 zuwa 500, wato ƙwallo 8 zuwa 10 in na giram 50 ne. Ki saya gaba ɗaya, ki ƙara ɗaya a kai. A jikin takardar da aka naɗe zaren da ita akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini, kuma ta biyun ce mutane ba sa dubawa. Ki koma kasuwar Balogun bayan wata guda, mai shago zai rantse miki launi ɗaya ne, kuma a cikin shago haka za ki gani. Sai kin saƙa kin fita rana ki ga layi ya raba shawul biyu, rabi ya fi rabi duhu. Aikin sati uku fa! Ko farin ma ba ɗaya ba ne, wani yana da ruwan madara. Ki fito da zaren bakin ƙofa ki duba a hasken rana kafin ki biya.

Sannan don Allah nan Legas ce, ba Jos ba. Ulun roba zai dafa jariri, ƙurajen zafi su fito masa. Na gaba ki nemi zaren auduga. Sai dai a damina yana jinkirin bushewa, kuma in kika rataye shi da ruwa a jiki zai ja ya yi tsawo. Ki naɗe shi a tawul ki matse, ki shimfiɗa a inuwa inda iska take, kar ki ninke sai ya bushe ƙarau, in ba haka ba zai yi fumfuna.

In kin warware kin yi layi biyar, ki turo hoton gefen kusa-kusa mu duba.