Hukuncin ajiye tsofaffin shafukan wasanni masu ɗauke da tallan giya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana adaka cike da tsofaffin jaridun Legas, yawanci shafukan wasanni: labaran Raccah Rovers ta Kano, da Mighty Jets ta Jos, da ranar da Green Eagles, 'yan ƙwallon Najeriya, suka ci kofin Afirka. Sai dai a gefen shafuka da dama akwai tallan giya, Star da Guinness. Ina so in rataya wasu a falo, in ɗora wasu a Facebook, kuma wani mai tara kayan tarihi ya nemi in sayar masa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinku, Ya sa ya huta.

Ajiye jaridun nan ya halatta, ɗan'uwa. Takarda ba giya ba ce, kuma abin da mahaifinku ya nufa da tarawa shi ne labarin ƙwallo. Tallan ya shigo ne a raɓe. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ana rangwame ga abin da ya biyo wani abu, irin rangwamen da ba a yi masa in shi ne abin nufi. Shafin 1980 da ke ba da labarin yadda Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, Segun Odegbami ya jefa biyu, Muda Lawal ɗaya, tarihin ƙasa ne, kuma bai kamata a cinna masa wuta saboda hoton kwalba a kusurwa ba.

Tuna zamanin da ya wuce ma ba laifi ba ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa sahabbai kan zauna bayan sallar asuba suna hirar al'amuran jahiliyya suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi. Amma a lura da waɗanda ke wannan hira: su ne mutanen da ranar da aka haramta giya suka tuttular da ita har ta gudana a lungunan Madina, kamar yadda Anas ya ba da labari. Suna tunawa ne suna gode wa Allah da Ya fisshe su.

Inda hukunci ke juyawa shi ne bayyanarwa. Talla kira ne, kuma tsufan takarda bai kashe kiran ba. Star ta fara fitowa a 1949, har yau tana kasuwa da sunanta da tambarinta. In ka ɗora hoton a Facebook, yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ga gwanin ɗan wasa kusa da kwalba mai raɓa, ka yi wa masu giya aiki kyauta. Allah Ya ce game da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90: "ku nisance ta", Ya kuma hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, an la'anci mutum goma saboda giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa. Ban ce mai ɗora tsohon hoto ya shiga cikinsu ba, amma hadisin ya nuna yadda shari'a ta toshe duk hanyar da ke kaiwa gare ta.

Don haka kafin ka ɗora, ka yanke wajen tallan a wayarka. Wanda za ka rataya a falo, ka naɗe gefen ta baya ko ka rufe shi da farar takarda, ba sai ka yaga ba.

Batun sayarwa kuwa, ka tambayi mai sayen abin da yake nema. In labarin ƙwallo ne ko bincike, sayar masa, kuɗin halal ne. In ka san tallan yake so don ƙawata mashaya ko otal, kada ka sayar. Kuma jaridun gado ne, sai da yardar sauran magada.

Wallahu a'alam.